Tebur Biyu a Jirgi Ɗaya

Ni kafinta ne, ko in ce tsohon kafinta, tunda yanzu gwiwa ta hana ni durƙuso. Na ƙare ƙuruciyata ina haɗa wa mutane tebura, ban taɓa zaton wata rana tebur ne zai hana ni sakat ba, kuma a tsakiyar teku.

'Ya'yanmu biyu ne, duk mata. Babbar ma'aikaciyar jinya ce, kowa Yaya yake ce mata, har ni da na haife ta. Ƙaramar kuwa Auta, malamar makaranta, bakinta kamar reza. Rabon da su yi wa juna magana tun lokacin da aka yi mini aiki a ciki. Yaya ce ta ɓoye wa Auta zancen, wai tana da tsohon ciki kada hankalinta ya tashi. Auta ba ta ji labari ba sai da aka sallamo ni. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa yayarta, "Da ya mutu ma sai ki turo mini hoton kabari ko?" Yaya ta mayar mata da wadda ta fi wannan zafi. Daga ranar kowace ta kama gabanta. In ɗaya za ta zo gaishe mu sai ta bugo waya ta tambaya ko muna da baƙi, mu kuma mun san baƙuwar da ake nufi. Teburin cin abincin da na haɗa da hannuna, mai kujera takwas, ya koma wurin jibge kayan guga.

Ana nan sai Yaya ta ce za ta kai mu hutu a jirgin ruwa, irin manyan nan masu hawa-hawa, mu da ita da mijinta da yaranta. Ta bi ta hannun wata ejan mai shirya wa mutane tafiya, ta gama komai. Auta na jin labari ta ɗauki wayarta ta kama wa kanta da mijinta ɗaki a jirgin nan dai, ba ejan ba kowa. Ta ce ai ba Yaya kaɗai aka haifa ba. Matata, wadda nake kira Tsohuwa in ina neman tsokana, ta kwana tana murna. Ni kuwa na san akwai aiki a gaba.

Kafin tafiya muka je ni da Tsohuwa mu ji bayani. Ofishin ejan ɗin yana saman wani kantin magani, ɗan ɗaki ne mai fanka mai ƙara da hotunan jirage da rana ta koɗar. Matar tana magana da sauri, hannu ɗaya a kan kwamfuta, ɗaya yana korar wayar da ba ta daina kuka ba.

"Baba, Mama, ku saurare ni da kyau, don yawancin rigimar jirgi a kan abinci take tashi," in ji ta. "Safe da rana kowa ya ɗebi abin da ya ga dama. Kada ku yi wa abincin haɗama ranar farko, ba ya ƙarewa. Na yamma kuwa zama biyu ake yi. Zaman farko da faɗuwar rana, in an gama a kwashe, a sake shimfiɗa, 'yan zama na biyu su shigo. Teburinku ɗaya ne har ku sauka, mai kawo muku abinci ma mutum ɗaya. Akwai mai shan magani a cikinku?"

Na nuna Tsohuwa. "Ciwon suga."

"To zaman farko ya fi mata, can 'yarku ta sa ku. Zan sanar da su tun yanzu a rage mata zaƙi da maiƙo. Sai dai in kun gama ku tashi da wuri, kada ku tsare wa na baya wuri."

"In mutum ya ƙi tashi fa?" Tsohuwa ta tambaya.

Ejan ta yi dariya. "Haba Mama, wa zai ɗaga uwa kamarki daga kujera? Sai dai su yi ta zagaye ki." Ta juyo da kujerarta. "Saura abu ɗaya. In akwai ɗan uwa da ya kama ɗakinsa daban, ku faɗa mini in haɗa ku tebur ɗaya. Amfanin bi ta hannunmu ke nan. Waya ba ta san wance ƙanwar wance ba ce, inda ta ga gurbi nan take jefa mutum."

Muka dubi juna ni da Tsohuwa. Aka duba, ashe waya ta jefa Auta a zama na biyu. Ejan ta ce gyaran ba wuya, amma sai su biyun sun amince, kowace ta bugo ta ce e da bakinta.

Kalmar e ɗin nan ita ta cinye mini takalmi. Na je gidan Yaya, ta ce ita ba ta hana ba, amma ƙarama ce ya kamata ta fara bugawa. Na je makarantar Auta na tsaya a inuwar bango har aka tashi, ta ce wanda ya ɓoye magana shi zai fara buɗe baki. Na koma wurin ejan har mai kantin maganin ya fara tambaya ko wani abu ke damuna. A zuwana na ƙarshe matar ta ajiye wayarta ta ce, "Baba, jirgi na iya shirya muku, wannan kam ya fi ƙarfina." Na sauko ina riƙe da ƙarfen matakala, raina a ɓace.

Ban san Tsohuwa ta riga ta yanke nata hukuncin ba sai ranar da muka shiga jirgi. Ta ce wa Yaya da ita za mu riƙa ci. Ta ce wa Auta da ita za mu riƙa ci, har Auta ta roƙi a ƙara kujeru biyu a teburinta.

"Ke Tsohuwa, ciki nawa gare ki?" na tambaye ta a ɗaki.

"Malam, ka bar ni. Wace zan ce wa a'a?"

Haka muka fara. Da faɗuwar rana mu zauna da Yaya a teburin kusa da taga, a kawo miya, a kawo kaza da dankali, Yaya tana lura da kowace loma saboda sugan uwarta. In an gama Tsohuwa ta yi hamma ta ce za mu je mu kwanta. Mu shiga lif, mu sauka a hawan da ba namu ba, mu bi wani dogon lungu mai ƙofofi iri ɗaya, mu laɓe a bayan kantin turare har Yaya ta wuce da yaranta. Sannan Tsohuwa ta sauya mayafi, mu koma ɗakin abincin nan dai, mu zauna da Auta a teburin kusa da ginshiƙi. Tsakanin tebur da tebur bai fi tsawon katako biyu ba.

Ni na samu mafita, na ce tun aikin da aka yi mini ba na cin abu mai nauyi da yamma, shayi ya ishe ni. Tsohuwa ba ta da wannan gatan. In ta ajiye cokali sai Auta ta kafe ta da ido ta ce, "Mama, ko kin ƙoshi a wani wurin ne?" Sai ta sake ɗauka. Mai kawo mana abinci, wani dogon mutum da na laƙaba wa Dogo, shi ke kula da teburan biyu. Bai taɓa tona mana asiri ba, sai dai na lura kason Tsohuwa na biyu kullum raguwa yake.

Mutane sun zo hutu, ni na zo gadi. Wasu na kwance a bakin wurin iyo, wasu na kallon teku, ni ina leƙen kwana kamar ɓarawon kaza. In na hango Yaya ta wannan gefen sai in ja Tsohuwa ta wancan. In jirgi ya tsaya a gari aka sauka yawo, rabin yini da wannan, rabi da waccan. Teku kam ban gan shi da kyau ba sai ta 'yar tagar ɗakinmu. Tsohuwa kuma ta fara sauyawa a idona. Ƙishirwa ba ta barin ta, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya fara matse ta, tana tafiya tana dafa bango tana cewa jirgi ne ke tangaɗi, alhali jirgin ko motsi ba a ji. Tsoro ya kama ni sosai. Na ce mata zan faɗa wa Yaya.

"In ka faɗa, Yaya za ta hana ni zuwa wurin Auta, Auta kuma ta ce an sake ware ta. Ka ƙara mini haƙuri kaɗan."

"Haƙuri har yaushe? Har a sauke ki a kan gadon ɗaukar marasa lafiya?"

Ta juya tana neman mayafinta.

Ana saura kwana kaɗan mu sauka, muka gama zaman farko, mijin Yaya ya kwashi yara ya yi gaba. Na miƙe, Tsohuwa ba ta miƙe ba. Ta ce kanta na juyawa, a bar ta ta huta. Yaya ta taɓa goshinta, ta kama wuyan hannunta, ta durƙusa ta cire mata takalmi, ta ga kumburin. Ɗaki ya watse. Ma'aikata suka shiga kwashe faranti suna yaye mayafan tebura suna shimfiɗa sababbi, sun zagaye mu ta ko'ina, babu wanda ya ce mu tashi. Ni kuwa idona na kan ƙofa.

"Tsohuwa, daure mu tafi," na ce ƙasa-ƙasa. "Yanzu za a buɗe."

Ta lumshe ido kamar ba da ita nake ba.

Aka buɗe ƙofa, 'yan zama na biyu suka shigo. Auta na cikin na gaba-gaba. Ta nufi teburinta, sai ta hango uwarta ba takalmi, ga farantin da ba a kwashe ba a gabanta. Ta tsaya cak, sannan ta taho.

"Mama, me ya same ki? Wai abinci kika ci a nan?"

Yaya ba ta ɗago ba. "Da ina za ta ci?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na bugi teburin har cokula suka yi tsalle. "Ina za ta ci? Nan take ci, can take ci! Tun da muka shigo jirgin nan uwarku sau biyu take cin abincin yamma, da sugan nata da komai, don kada ran ɗayarku ya ɓaci. Ku dubi ƙafarta!"

Yaya ta miƙe a hankali, ta dubi ƙanwarta ido cikin ido, abin da rabon da in gani har na manta.

"Ke kike ɗura mata abinci bayan na gama auna mata? Kashe ta za ki yi?"

"Ni na sani? An faɗa mini? Ai ku gwanayen ɓoye-ɓoye ne!"

"Ɓoyewar da na yi don wa na yi? Kina fama da hawan jini, ciki ya tsufa, in ce miki an shiga da Baba ɗakin tiyata?"

"Ubana ne ni ma! Kin san yadda na ji da na ga ɗinkin a cikinsa?"

Mutane suka fara waiwaye. Mijin Auta ya ja baya ya zama ɗan kallo. Dogo ya tsaya da tulun ruwa a hannu, ya rasa gaba ya rasa baya. Kunya ta rufe ni, na buɗe baki zan tsawatar, sai na ji an mintsine ni a cinya, mintsini mai kyau. Na duba. Idon Tsohuwa a buɗe yake tar, hawaye na gangarowa, ga gumi a goshinta, don ciwon kam da gaske ne. Sai a lokacin tambayar da ta yi wa ejan, kan mutumin da ya ƙi tashi, ta faɗo mini a rai.

Yaya ta daka wa Auta tsawa ta riƙe wa Mama ƙafa a sama, ita za ta ɗauko na'urar gwajin suga. Auta ta ce ba sai an koya mata ba, amma ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora ƙafafun uwarta a cinyarta. Yaya ta yi taku kaɗan ta dawo, don akwai sauran maganar da ba ta gama faɗa ba. Suka ci gaba, wannan na yi waccan na yi. Na yunƙura zan shiga tsakani, Tsohuwa ta riƙe rigata.

"Ki sake ni in raba su," na ce wa Tsohuwa. "Duk jirgi na kallonmu."

Ta ƙara damƙe rigata.

"Su kalla," ta ce da 'yar muryarta. "Zauna, Malam. Ka ji su? Yaushe rabon da in ji muryoyinsu a wuri ɗaya?"

Na zauna. Dogo ya ajiye tulun, ya je teburin kusa da ginshiƙi ya ɗauko kujeru biyu, bai tambayi kowa ba.