Turbar Masu Dutse

Jakin ya coge daidai inda turbar ta rabu da gwadaben Kebbe, Na'Allah kuwa a ransa ya ba jakin gaskiya. Maƙwabcinsa Bube bai ko waiwayo ba. Tsoho ne wanda kunnensa ya riga shi tsufa, yana gaba da guduma a kafaɗa yana ratsa gamba kamar mai shiga ɗakinsa.

Turbar ta ci zamaninta. Da can jakuna talatin ke bin ta kowace hantsi, suna kwaso dutsen niƙa daga ramin tudu zuwa ƙofar ganuwar Tambuwal, har kofatonsu ya yi wa falalen dutse gurbi. Shekarar da rufin ramin ya rufta da mutum bakwai aka daina bin ta, sabara da ƙaya suka gaje ta. Cikin masu dutse Bube kaɗai ya fito da rai.

Ba don matarsa Kulu ba, me zai kawo Na'Allah nan? Dutsen niƙanta ne ya rabe biyu, ta yi ta mita har mitar ta tsallake danga ta shiga kunnen da ba ya jin kiran salla. Bube ya ce shi ya sassaƙa wa uwarta nata, ita ma zai sassaƙa mata. Kunya ce ta sa Na'Allah ya ɗora wa jaki akumari.

Bakin ramin da sanyi, sai warin jemagu. Bube ya ce mai dutse ba ya shiga sai ya tambayi rufi, kuma da guduma ake tambayarsa.

"Kunnena ya mutu, Na'Allah, kai za ka ji man," in ji shi. "In yay yi ƙara kamar tasa, lahiya ta. In yay yi kamar fasasshen tulu, mu koma gida."

Ya buga sau uku. Na'Allah manomi ne, ya san kukan fartanya a busasshiyar ƙasa, amma dutse bai taɓa yi masa magana ba. Amon ya shige ciki ya dawo, ya cakuɗe da bugun ƙirjinsa. Ya ji tasa, ya kuma ji tulu.

"Mi kaj jiya?"

Tsohon ya zuba masa ido yana jira. Yaya Na'Allah zai ce bai sani ba, da gemunsa? Ko kuwa ya ce tulu, a ce tsoro ya koro shi gida da jaki ba kaya?

"Tasa, Baba."

Bube ya yi bisimilla, ya ce masa ya tsaya waje da jakin, ya shige.

Na'Allah ya tsaya yana sauraren guduma. Rana ta kusa tsakiya sai ya ga yashi na tsiyaya daga leɓen ramin, siriri, ba iska ba komai. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ƙwala kira, "Baba, hito!" Gudumar ba ta fasa ba, wa zai ji? Ya yi taku biyu ciki, ƙafafunsa suka ƙi na uku. Sai ƙasa ta girgiza, jakin ya tsinke igiya.

Sai washegari da azahar mutanen unguwa suka tono Bube, suka yi masa sutura a gefen turbar. Ladanin unguwa yana share gumi ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne mutum irin Bube ya shiga rami bai tambaya ba.

"Ya tambaya," in ji Na'Allah. Ba wanda ya tambaye shi ƙarin bayani.

Kusa da gawar an sami dutsen, an fara fafe cikinsa ba a gama ba. Aka kawo wa Kulu, ta ce ba za ta niƙa tsaba a kansa ba. Yana nan bayan rumbu. Da damina ruwa kan kwanta a gurbinsa, kaji su sha, Na'Allah kuwa ta ɗaya gefen rumbun yake zagayawa.