Fuskar Alhaji Ƙasimu

Kakata sunanta Amariya, kuma ta haura saba'in tana amsa shi ba kunya. Tun ranar da aka kai ta gidan Alhaji Ƙasimu a Aliero sunan ya manne mata. Ta haihu, ta ga jikoki, mijin ya rasu, ta dawo Jega gidan autanta Kawu Waliyyu da zama, sunan dai bai tsufa ba. Ni jikarta ce, Iklima. Sana'ata tace bidiyo. Masu kyamara su ɗauko biki ko walimar sauka su kawo mini, in yanke, in jera, in gyara launi da murya a kwamfutata. A wurin Inna Amariya kuwa duk wannan sunansa danne-danne.

Wata rana da hantsi ta shigo ɗakin aikina, ta ajiye wayarta a kan tebur kamar mai kawo ƙara.

"Ke mai danne-danne, gyara min wanga abu."

Na san bidiyon, kowa a danginmu yana da shi. Kakana ne a tsaye gaban rudunsa, wato rumfar da yake adana albasa a bayan gida, yana bayanin yadda ake jera ta don iska ta ratsa. An ɗauke shi shekara biyu ko uku kafin ya rasu. Bayan rasuwar sai bidiyon ya shiga duniya. Wannan ya sa a sitatus, wancan ya kwafa ya ɗora a wani dandalin, wani ya sauke ya liƙa masa furanni, wani mai himma ya ƙara rubutun Allah ya jiƙan rai har ya rufe rabin hular. Wanda ya iso wayar Inna, in ba don murya ba, ko ni ba zan rantse kakana ne ba. Fuskar ta zama dunƙulen launi, ba ido ba hanci.

Na ce mata ba ya gyaruwa.

"Kina gyara amaren mutane, baƙa ta koma hwara, sai nawa na ba ya gyaruwa?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Bidiyo nauyi gare shi, don haka kafin ya shiga waya sai an matse shi, kuma abin da ke matsewar shi muke kira kodek. Kodek ɗin waya ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yana zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura ba, ya bar sauran. Matsa ɗaya ba laifi. Amma duk wanda ya sake yanka shi ko ya liƙa masa wani abu, an sake matsawa ke nan, an sake zubarwa. Na ce kamar fura ce da kowane gida ta shiga sai an ƙara mata ruwa, kuma ba mai iya tsame ruwan ya mayar da ita yadda aka dama.

Na zaci za ta yi mini tsiya kamar kullum. Sai ta zauna a bakin tabarma, ta daɗe tana kallon wayar.

"Iklima, huskatai ta hwara ɓace min," ta ce a hankali. "Muryatai tana nan, tahiyatai tana nan. Amma in na ruhe ido ina biɗar huska, wanga dunƙule nika gani. Na kalle shi har ya maye gurbin ta gaskiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kakana mutum ne da ba ya son hoto, wanda ke katin zaɓensa ma kamar an kama ɓarawo. Wannan bidiyon shi kaɗai ne. Na ce mata hanya ɗaya ce, a samo na asali, wanda ya fito daga kyamara kafin kowa ya taɓa shi.

Kawu Waliyyu yana tsakar gida yana jin mu. Malamin makarantar Islamiyya ne, kuma ba abin da ke faranta masa rai kamar a zo da matsalar da littafi ya riga ya warware. Ya leƙo yana gyara hula.

"Ai wagga magana isnadi ta. Inna, wa at turo miki? Shi kuma wa ab ba shi? Haka za mu bi har mu kai ga wanda yag gani da idonai."

"Kai kat turo min," in ji Inna.

Kawu ya ɗan yi tari. Ya duba wayarsa, ya ce shi daga gurup ɗin masallaci ya samu, kuma wanda ya saka shi Maigari ne, dillalin albasa a Aliero, tsohon abokin cinikin kakana. Aka kira Maigari, waya a kashe. Inna ta miƙe ta ce a fito da mota.

Washegari muka kama hanyar Aliero, Kawu na tuƙi, ni da kwamfutata a baya, Inna a gaba tana ba shi umarnin da bai nema ba. Tun kafin mu shiga kasuwa warin albasa ya tarye mu. Inna ta zuƙe shi ta ce yau ta shaƙi iskar mutane, Kawu kuwa ya ɗaga gilashi.

Mun tarar da Maigari a kan buhu yana rigima da direban babbar mota. Da ya ga Inna sai ya sauko ya durƙusa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi na gida har da awaki. Ya fito da wayarsa. Nasa ya fi namu ɗan dama, ana iya gane inda gemu ya fara. Amma har yanzu ba fuska ba ce.

"To kai wa ab ba ka?" in ji Kawu, yana murna an hau hanya.

Maigari ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya shi ne ya fara samun mai kyau, daga hannun yaron da ya ɗauka. Ya tura wa jama'a, sai wayarsa ta cika, ya ga tunda kowa na da shi ba amfanin ya riƙe nasa, ya goge. Daga baya da kewa ta kama shi sai ya kwafo daga sitatus ɗin wani.

"Sitatus ɗin wa?"

"Naka, Malam."

Na juya baya don kada Kawu ya ga dariyata. Shi ya karɓa daga Maigari, Maigari ya karɓa daga gare shi, isnadi ya ciji wutsiyarsa. Kawu ya ce a duk karatunsa bai taɓa cin karo da ruwaya mai rauni irin wannan ba. Inna ta ce su biyun duka a haɗa su a buhu ɗaya.

Amma zuwan bai tashi a banza ba. Maigari ya tuna sunan mai ɗaukar, Abdulwahab, wanda wata ƙungiyar manoma ta sa ya yi mata shiri kan adana albasa. Ya ce yaron ya koma garinsu Maiyama ya buɗe shago kusa da tasha. Lambarsa kuwa tana cikin wata tsohuwar wayar Maigari da ta faɗa rijiya.

Daga Aliero zuwa Maiyama sai an ratsa ta Jega. Muka wuce ta bakin layinmu, Kawu ya rage gudu ya ce Inna ta sauka ta huta, mu kuma mu ƙarasa. Ta ce in ya gaji shi ya sauka. A hanya ina ta fargaba, don na san halin 'yan sana'armu. Yawancinmu da an miƙa aiki sai a share katin kyamara a shiga biki na gaba. Ban gaya wa Inna haka ba, ina kallon bayan kanta tana ta gyara ɗankwali kamar mai zuwa ganin wani.

Shagon Abdulwahab ɗan ƙarami ne, rabinsa kwali. Mutum ne siriri mai yawan magana, kuma da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya jawo wani akwatin ƙarfe irin na amare, ya buɗe. Cike yake da faifan ajiya, irin waɗanda ake jona wa kwamfuta, kowanne a naɗe cikin tsumma.

"Matata kullum sai ta ce in zubar da tarkacen ga," ya ce. "Yau ina son ku biya ta gida ku gaya mata da bakinku."

Na tambaye shi a wane kodek ya ajiye. Ya ce kyamarar da ƙungiyar ta ara masa ProRes take ɗauka, kuma bai taɓa matse shi ba, yadda ya fito haka ya kwafe, a faifai biyu. Wallahi ji na yi kamar in yi guɗa. ProRes irin kodek ɗin da muke tace aiki da shi ne, kowane hoto a cike yake da kansa, ba ya jingina da na gabansa. Yana cin wuri kamar me, waya ma ba kowacce ke iya buɗe shi ba, amma abin da kyamara ta gani yana nan kusan yadda ta gan shi. Muka shiga hirar sana'a ni da shi, har Inna ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku bar yaren aljannu ku nuna min mutum."

Faifan farko da aka jona ya yi ƙara ƙas-ƙas, ya yi shiru. Aka sake, bai tashi ba. Abdulwahab bai ko damu ba, ya ce ai don irin wannan ranar ake yin biyu, ya warware na biyun. Wannan ya tashi lafiya lau. Na jona shi a kwamfutata, na gyara wa Inna kujera, na danna.

Sai ga Alhaji Ƙasimu.

Ga furfurar gemunsa ɗaya-ɗaya. Ga tabon da lauje ya bar masa a gefen gira, wanda ni na ma manta da shi. Ga zufa a goshinsa, ga ɓawon albasa ya maƙale a wuyan rigarsa. Inna ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Shi na," ta ce. "Dibi kunnuwa. Kullum nika ce mai kunnuwan ga sun yi mai yawa."

Tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Kawu Waliyyu ya tsaya a bayanta yana ta salati a hankali. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na fara lissafin yadda zan yi: in kwafi mai nauyin a faifai biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin Kawu, in fitar mata da mara nauyi guda daga na asali kai tsaye, in kuma haramta wa dangi liƙa furanni.

Bayanin rudu ya ƙare a inda muka saba ganin ya ƙare, amma bidiyon bai tsaya ba. Abdulwahab ya ce abin da ya shiga shirin kaɗan ne, sauran duk yana nan, don shi ba ya kashe kyamara tsakanin tambaya da tambaya. Na kai hannu zan tsayar, Inna ta riƙe mini hannu.

A cikin hoton wata mata ta shigo daga gefe da ƙwaryar fura. Inna Amariya ce da kanta, da zanen da har yau yana cikin akwatinta. Ta dire ƙwaryar a gindin rudu, ta ce da kakana ya sha kafin ta yi tsami, kuma ya bar cika baƙi da surutu. Bai ce mata komai ba, ko kallonta bai yi ba, ya ɗaure fuska irin ta mazan da, yana jujjuya albasa a hannu. Ta juya ta nufi ƙofar gida.

Tana juya baya ya ɗago kai. Ya bi ta da ido, fuskar nan da ya ɗaure ta saki gaba ɗaya, yana wani murmushi da ban taɓa gani a wurinsa ba. Albasar tana hannunsa ya manta da ita. Aka ji muryar Abdulwahab daga bayan kyamara yana cewa, "Alhaji, mu ci gaba?"

"Dakata," in ji kakana, bai ko waiwayo ba. "Bari ta shige tukuna."

Kawu Waliyyu ya tuna ana kiran sallah a wani wuri, ya sulale waje, kunya ta kore shi. Abdulwahab ya shiga naɗe faifan da ya riga ya naɗe.

Inna ba ta motsa ba. Can ta ce, ba da ni take ba, "Duk zaman da munka yi, ban san haka shika yi ba. Ni dai na san in na aje hura sai in wuce."

Na tambaye ta a hankali ko in sa mata wannan wurin a waya tare da sauran. Ta gyara zama, ta jawo kujerar ta ƙara matsowa, ta nuna allon da yatsa.

"Maido shi baya," ta ce. "Daidai inda nij juya."