Taken da Ba Wanda Ya Nema

Har yau in na tuna ranar nan sai in ji kamar in sa hannuna na dama a turmi in daka.

Sunana Shitu. Ubana makaɗin mahauta ne a Malumfashi, kakana ma haka. Tun ina shekara bakwai aka rataya mini kalangu, aka dasa mini doka ɗaya: in babban mutum ya shigo, ka saki duk abin da kake kaɗawa ka yi masa takensa, ko a tsakiyar waƙa ne. In na yi jinkiri, Baba ya ƙwala mini makaɗi a ƙeya. Na tsani abin nan, ban taɓa tsanar wani abu kamarsa ba. Mutum ya ci gumin manoma ya yi tumbi, ni kuma in bi shi ina gaya wa duniya shi ne wane.

Shi ya sa a 1961 na gudu Funtuwa. Can na haɗu da Fidelis, ɗan Ibo haifaffen garin, mai kaɗa jita a wani otal kusa da tashar jirgi. Yana da garmaho da faya-fayen baƙaƙen Amurka, irin kiɗan da yake kira bulus da rok. Da na fara ji sai na tambaye shi taken wa ake yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ba na kowa ba ne, Shitu. Mutumin damuwarsa kawai yake faɗa."

Ai kuwa na mace a kan kiɗan nan. Ya zaunar da ni gaban gangunan Turawa, sanda biyu a hannu, ƙafa a kan feda. Shekara guda ƙafata tana gardama da hannuna. Ɗan kalangu gaggawa gare shi, shi kuwa bulus sai ka ɗan ja baya, ka bar wa jita wuri ta yi kukanta. Fidelis ya zage ni da Hausa, ya ƙara da Ibo, har na iya. Kafin shekara huɗu ma'aikatan jirgi da na injin auduga ba sa zuwa rawa sai sun tambaya ko ina nan.

Bayan kasuwar auduga ta 1965 wani Bayarabe mai suna Raufu ya zo daga wani kamfanin faifai na Legas. Ya ce waƙa ɗaya zai saurara da la'asar, don jirgi zai bi. In ta yi masa, mu biyar da muke kiɗa tare a otal ɗin za mu je Legas a ɗauke mu a faifai.

Muka ɗauko bulus mai sanyi. Ban taɓa kaɗawa kamar ranar ba. Raufu ya lumshe ido, ƙafarsa tana bin tawa. Muna tsakiya sai ga Alhaji Maitama a bakin ƙofa, dillalin auduga, wanda Baba ya shekara ashirin yana yi wa take.

Wallahi ban yi niyya ba. Hannuna ne ya saki kiɗan ya hau taken Alhaji a kan ƙaramar ganga. Da bugu ɗaya ne da sauƙi, amma la'anannen sai da ya kai shi ƙarshe, ina kallonsa kamar hannun wani. Jita ta tsaya, mawaƙinmu ya saki baki. Wani ya yi ihu daga baya, "Ɗan makaɗa ya tuna gida!" Ɗaki ya fashe da dariya.

Raufu ya duba agogo, ya ɗauki hularsa.

"Maigida," ya ce wa Fidelis, "yaranka sun iya. Amma makaɗin da zai jefar da waƙa don babbar riga ta shigo, ba zan kai shi gaban na'ura ba."

Fidelis bai zage ni ba, da ma ya zaga. Hannu ya miƙo mini.

"Ba ni sandunan."

Na ba shi. Na fita cike da haushi, na tarar da Alhaji a waje yana balbale wani da faɗa. Na manta da ladabi, na sha gabansa.

"Alhaji, ka ga abin da ka jawo mini?"

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai kuma ɗan gidan wa? Direbana na zo nema. Au, kiɗa ake yi a ciki?"