Amfilifayar Baban Olivia

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a Potiskum, ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin Ochai ba. Shi ke kaɗa jita a cocinsu. Tun da bam ya tashi kusa da shagonsa kunnensa na dama ya mutu, na hagun ma sai ka ɗaga murya. Ran Laraba ya turo min amfilifayarsa ta ƙara sautin jita a baro, tsohuwar yayi mai kwalaben bawul a ciki, matarsa Nanret na biye da jita.

"Mallam Kashim, ta lalace. Ba ta da murya."

Asabar ce ranar auren 'yarsu Olivia, kuma tun tana firamare ya yi mata alkawari shi zai yi mata kiɗa.

Na tayar da janareta, na ɗaga makunnin farko, na jira kwalaben suka yi ja, sannan na ɗaga na biyu. Ya taɓa tsirkiya ɗaya. Innalillahi! Sai da mai shayin tsallaken titi ya kwanta ƙasa. A lokacin ko taya ce ta fashe, kowa ta kansa yake yi.

Na duba gabanta. Maɓallai huɗu, duk ya murɗe su har ƙarshe.

"Baban Olivia, wannan ƙarfen ya fi ni lafiya." Nanret tana ƙifta min ido, amma bakina ba shi da birki. "Kunnenka ne ya lalace."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya fara naɗe wayar jitarsa a hankali.

"To shi ke nan," in ji shi. "A kira wani ya yi mata kiɗan."

Wallahi na ji kunyar kaina. Ni da nake gwada sifika cikin hayaniyar kasuwa da tafin hannu, ina jin rawarta a jiki, wai sai yanzu na tuna.

"Cire takalminka."

"Nan masallaci ne?"

"Haba, cire dai!"

Na mayar da maɓallin ƙarfin murya kan huɗu, na kaifi kan uku, na tsakiya biyar. Na kauri kuwa, mai duka a ƙirji, na kai shi bakwai. Na zaunar da shi a benci, na manna tafin ƙafarsa a jikin katakon amfilifayar.

Ya kaɗa sau biyu, hannunsa ya nufi maɓallin kaifi. Na doke hannun.

"Wannan ba naka ba ne kuma. Na Madam ne, ita ke da kunne."

Nanret ta durƙusa, ta murɗa shi kaɗan, ta dawo da shi baya, ta ce ya isa. Ochai ya rufe ido. Da farko kiɗan yana ɗingishi, yana gaba yana baya. Can sai na ga yatsun ƙafarsa sun fara motsi, hannun ya bi su. Waƙa ce ta yarensu, ban san kalma ɗaya ba, amma tsikar jikina ta tashi.

Da ya tsaya bai kalle ni ba, matarsa ya kalla.

"Maman Olivia, yaya ya fito?"

 Sai kai take gyaɗawa, hawaye na zuba.

Ochai ya share fuska da hannun riga, ya gyara zaman ƙafarsa a kan katakon.

"Ki gaya wa yarinyar nan kada ta kira kowa."