Hannun da Ke Rawa

Tun yana ƙarami Auta ya san hannunsa ba ya tsayawa cak. Ba wata rawa ce mai yawa ba, in ba ka ƙura ido ba ba za ka lura ba, amma da zarar ya ce zai zura zare a allura ko ya ɗiga magani a ido, sai yatsun su kama kakkarwa kamar an daka musu tsawa. Gado ya yi. Baba ma haka yake, kuma rawar hannun ce ta raba shi da gyaran agogo tun ƙarfinsa bai ƙare ba, ya koma sayar da batir da madauri a shagon da a da ake yi masa layi.

Shi ya sa ranar da Auta ya ce aikin injiniyan na'urorin lantarki zai karanta, Baba ya dubi hannun ɗan nasa, ya kau da kai. Yaya, babbar 'yar gidan, ita ce ta yi ta tsokana, wai duk rediyon da Auta ya haɗa sai ya riƙa in'ina.

A jami'a Allah ya haɗa shi da Dogo, abokin da lissafi ke ba wa ciwon kai amma hannunsa kamar na likitan tiyata. Suka raba aiki ba tare da sun taɓa zama sun tattauna ba. Auta ke zane da lissafi, Dogo ke riƙe ƙarfen da ake narka dalma da shi a liƙa sassa. Malamai suka riƙa yaba aikinsu, asirin Auta ya rufu.

Sai ga shekarar da ake tura ɗalibai kamfanoni su yi watanni suna sanin makamar aiki. Aka tura Dogo wani gari, shi kuma Auta aka kai shi kamfanin da ke ƙera na'urar kula da cajin batirin sola. Ɗakin gwaji aka ba shi, ɗaki mai dogayen tebura da fitilu masu lanƙwasa, ko'ina ƙaurin dalma. Shugabar ɗakin wata injiniya ce da ma'aikata ke kira Ba Wasa in ba ta kusa. Gajeriya ce, tana tafiya kamar an biyo ta, kuma ba ta maimaita magana.

Makonnin farko sun zo da sauƙi. Karanta zane ne da auna wuta, abin da Auta ke yi ido rufe. Har ya fara tunanin ko zai tsallake. Wata safiya kuwa Ba Wasa ta ajiye masa wani koren allon lantarki a gaba, ta nuna wani ɗan baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan ya ƙone. Cire shi ka sa sabo. Ina jira."

Kuma da gaske jiran take, don kujera ta jawo ta zauna.

Auta ya sa ido a madubin ƙara girma. A cikin madubin komai ya ninka, har da rawar. Bakin ƙarfen ya riƙa lilo kamar reshe a iska. Ya riƙe numfashi, abin ya ƙaru. Dalma ta malale ta haɗe ƙafafu biyu da bai kamata su haɗu ba. Garin gogewa ya danna da ƙarfi, siririn layin tagulla ya ɗago daga allon ya nannaɗe. Shi ke nan, allo ya tashi aiki.

Auta ya ajiye ƙarfen, ya ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur.

"Fito da su," in ji ta. "Miƙe su in gani."

Ya miƙa. Yatsun na ta aikinsu.

"Tsoro ne, ko haka suke?"

"Haka suke, ranki ya daɗe. Tun ina yaro."

"Ka ga likita?"

"Na gani. Ya ce ba cuta ba ce mai ci gaba da sauri, amma ba ta warkewa."

"To a makaranta wa ke yi maka?"

"Abokina."

Ya sunkuyar da kai yana jiran ta ce ya tattara nasa ya nasa. Abin da yake tsoro shekara da shekaru ke nan, ga shi ya zo.

Sai ya ji ta yi tsaki. "Kai dai ka cuci kanka. Da ka faɗa tun ranar farko da allona na nan da ransa. Matso."

Ta ɗaure wani mataccen allo a maƙalli, ta nuna masa yadda zai kwantar da tsintsiyar hannunsa a kan tebur, ya tokare ɗan ƙaramin yatsa, ya saki numfashi maimakon riƙewa. Ya gwada. Ya fi na farko, amma ba za a nuna wa baƙo ba.

"Ka ga, wannan aikin ba za ka taɓa ƙwarewa a kansa ba," in ji ta, ko sassauta murya ba ta yi ba. "Manyan sassa za ka iya, ƙanana ka kai wa masu haɗi, masu liƙa sassan nan, aikinsu ne, kuma sun fi ni iyawa. A can ɗakin ƙira ma inji ne ke jera su. Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Na'urorinmu na dawowa daga kasuwa, wai in rana ta take sai su kashe kansu, da yamma su farfaɗo. Wannan ba yatsa yake so ba, kai yake so. Kana da shi?"

"Ina jin ina da shi."

"Za mu gani. Gobe ka bi injiniya Mai Gemu."

Da aka tashi Auta bai wuce gida ba, shagon Baba ya nufa. Ya same shi yana jera madaurai a cikin gilashi. Ya zauna a benci ya kwashe labari ya faɗa masa.

Baba ya ajiye madaurin da ke hannunsa. Can ya ce, "Ta ga hannun da idonta?"

"Ta gani, Baba."

"Kuma ta ce ka dawo gobe?"

"Ta ce in dawo."

Baba ya sauke wata ajiyar zuciya da Auta bai taɓa jin irinta daga gare shi ba. "Tun ranar da ka shiga makarantar nan nake cewa ni na ja maka. Kullum ina jiran ranar da za a koro ka saboda abin da ka ɗauka a jikina." Ya share ido da bayan hannu, sannan ya murtuke. "Tashi ka tafi gida, uwarka na can tana leƙen hanya."

Mai Gemu injiniya ne mai yawan raha, wanda ke hira da na'urori kamar 'ya'yansa. Tare suka riƙa sa waɗanda aka dawo da su a akwatin zafi suna jiran su suma. Auta ya koyi maƙala wayoyin awo da ɗan maƙalli maimakon riƙewa da hannu. Hasashensa na farko kan musabbabin matsalar bai ci ba, na biyu ma haka, har Mai Gemu ya sa masa suna Boka. Amma yana ta bin zanen layi layi, sai ya lura cewa ɗan sashen da ke auna zafi an dasa shi dab da wani da ke ɗaukar zafi sosai in caji ya yi ƙarfi. Na'urar sai ta zaci gobara za ta yi, ta kashe kanta. Mai Gemu ya ce a gwada kafin a yi guɗa. Masu haɗi suka matsar da sashen gefe a kan wasu alluna, aka mayar akwatin zafi. Ko ɗaya bai suma ba.

Ba Wasa ta zo ta duba awon da kanta, ta ce, "To." Mai Gemu ya raɗa wa Auta cewa shi ya shekara a nan kafin ya samu wannan "to" ɗin.

Ranar da wa'adinsa ya cika, ya je yi mata sallama. Tana cikin duba wani zane, ba ta ɗago ba.

"In ka gama makaranta ka nemo mu. Teburin zane na neman mutum. Ban yi maka alkawari ba, tambayoyi za a yi maka kamar kowa. Kuma duk inda ka je, ka faɗi zancen hannun nan tun a bakin ƙofa."

"Zan faɗa, ranki ya daɗe. Na gode."

Ya cire rigar aiki ya rataye. Mai Gemu ya raka shi har bakin titi yana ba shi labarin wata na'ura da ta taɓa ba su wahala damina guda, bai kai ƙarshe ba mota ta tsaya. Auta ya samu kujerar taga, ya jingina kansa da gilashi. Kafin a kai tasha ta gaba barci ya kwashe shi, sai da kwandasta ya taɓa shi ya farka.