Sanyin Ɗakin Malam Maharazu

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo, sai dai wannan a benenmu na unguwar Aziziyya a Makka aka yi ta, ina gani da idona.

Ina tsaka da dama kunu Iyatu, maƙwabciyata ta ƙofa da ƙofa, ta faɗo ko sallama babu.

"Yaya Saudat, kina da bargo?"

"Bargo? A zafin nan da tattabaru ma suke buɗe baki?"

"Malam ne. Haƙoransa har haɗuwa suke."

Na ajiye ludayi, na zaro bargon da nake zuwa Muzdalifa da shi, na bi bayanta.

Malam Maharazu mijinta ne, mai sayar da carbi da turare kafin ciwon ƙirji ya kayar da shi. Likita ya riga ya gaya musu gaskiya, a kai shi gida a lallaɓa. Ina sa ƙafa a ɗakin sanyi ya mare ni kamar na buɗe firij.

Benen namu don alhazai aka gina shi, mukayyif ɗinsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, na gaba ɗaya ne. Ruwan sanyi ke bin bututu ta cikin silin, kowane gida da bawul ɗinsa mai ɗan inji a ka, shi ke buɗewa ya rufe daidai yadda aka saita. To na su Iyatu ya maƙale a buɗe. In ta kunna, Malam ya kama rawar ɗari. In ta kashe, kafin shayi ya huce ɗakin ya zama tanderu, numfashinsa ya fara sarƙewa. Baiwar Allah ta kwana biyu a gaban makunni, kunna, kashe, idanunta sun yi zuru-zuru.

"Ku dawo ɗakina mana," na ce.

Malam ya buɗe ido ɗaya. "Hajiya, in kwanta a gadon matar da ba muharramata ba? Da girmana?"

"Haba Malam, ni da kai yanzu wa zai zarge mu?"

"Mala'iku," ya ce, ya mayar da idon ya rufe.

Ana haka ɗansu Hisham ya iso daga Jidda. Haifaffen nan ne, Hausarsa tana ɗingishi. Ya dubi ubansa cikin barguna, ya dubi uwarsa.

"Khalas, ya ummi. Ana saukowa Juma'a zan tafi da abuya Jidda. Mukayyif ɗina lafiya, mustashfa, yani asibiti, kusa."

"Hisham, matso," in ji Malam. "A bayan uwata na shigo garin nan, ta Sudan, ita da ƙafarta. Ta kawo ni Makka, kai kuma ka fitar da ni in je in mutu a bakin teku?"

"Abuya, sanyin nan zai kashe ka."

"To ya kashe ni a nan."

Yaron ya fito soro, ya jingina da bango yana goge fuska da bakin shimaginsa, mayafin nan da Larabawa ke ɗorawa a ka. "Ya khala, in ba a gyara ba, wallahi ɗaukarsa zan yi. Ba zan iya kallo ba." Na san zai aikata, kuma na san so ne ya sa.

Na kira Sadisu, mutumin Maraɗi mai gyaran bututun benen. Ya zo da tsani a kafaɗa yana dariya.

"Hajiya, tun da na zo Makka ba a taɓa kirana don sanyi ya yi yawa ba."

Da ya ga Malam sai dariyar ta ɗauke. Ya hau, ya ɗaga murfin silin, ya cusa kai da tocila. Ya jima kafin ya sauko.

"Injin ya ƙone, bawul ɗin kuma tsatsa ta cinye shi. Sai sabo. Irin wanga tsohon yayi ne, sai an aiko daga Riyad. Ga shi yau Juma'a."

Hisham ya jawo jaka ya fara zuba magungunan ubansa. Malam ya juya fuska bango.

"Sadisu," na ce, "bawul ɗin gidana irin nasu ne?"

"Duk benen iri guda ne."

"Yana aiki?"

"Garas."

"To je ka ciro shi."

"Hajiya, in na cire sai na toshe bututunki. Dahuwa za ki yi."

Iyatu ta riƙe min hannu. "Yaya, da hawan jininki?"

"Na yi tsayuwar Arfa tun ba a sa fanka mai feshi ba. Sadisu, ɗauki tsaninka, kana ɓata min lokaci."

Ya rufe ruwan gidajen biyu, ya fara da nawa. Ya dawo da abin a hannu, tagulla mai ɗan baƙin akwati a ka, bai fi tulun shayi ba. Hisham ya riƙe masa tsani, Iyatu ta tara roba a ƙasa, ruwa mai tsatsa yana ɗiga ciki. Tsohon bawul ɗin su Iyatu ya ƙi kwantuwa. Sadisu ya danna sufana har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Sannu ɗan Maraɗi," in ji Malam daga gado. "Tsoho ne, bi shi a hankali. Ba ma son a fitar da mu da ƙarfi."

Ko Hisham sai da ya murmusa.

Abin ya saki. Sadisu ya naɗa farin zare a bakin bututu, ya ɗaura nawa, ya haɗa wayoyi, ya buɗe ruwa. "Inna, sa shi tsaka-tsaki," ya ce wa Iyatu. Muka kasa kunne. Can muka ji ɗan injin yana gurnani a hankali cikin silin, ya yi shiru. Iskar ta yi laushi.

Ba a jima ba Malam ya ture bargo ɗaya da ƙafa. Ya ture na biyu. Ya ja numfashi har ƙasa, bai yi tari ba.

"Hisham, lokacin masallaci ya yi. Ka je ka dawo, ina nan."

Yaron ya daɗe yana kallon jakar. Sannan ya zazzage magungunan, ya jera su a kan tebur.

Ni kuwa na dahu, ba zan ɓoye muku ba. Jiƙaƙƙen zane da fanka suka zama abokaina. Amma kullum rana ta take sai Iyatu ta ƙwanƙwasa. "Malam ya ce ki zo ki sha sanyinki, ai naki ne." In zauna daga bakin ƙofa, shi yana ciki, yana ba mu labarin Makka ta da, lokacin da ake kai ruwa gida-gida a garwa.

Sati bai zagayo ba, bayan la'asar, Iyatu tana ɗiga masa zamzam da cokali, Hisham yana riƙe da hannunsa yana maimaita masa kalmar shahada, Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa salla a Harami, maza suka kai shi maƙabartar Shara'i.

Hisham ya koma aikinsa, duk Alhamis yana zuwa da kifi. Sadisu ya tafi hutu Maraɗi. Iyatu tana takaba, na kwaso katifata na dawo wajenta. Da yamma mukan zauna a kan darduma da faranti a tsakaninmu, muna tsince adas, ƙananan waken nan na miya.