Aron Littafi a Wurin Akuya

Wani mafarki na yi daren jiya, amma sai na fara gaya muku halin da na kwanta a ciki.

Sunana Mati, tsohon ma'aikacin gidan waya. Yayata Delu tana zaune a gidana tun da idonta ya tafi, shekara huɗu ke nan. Kullum bayan la'asar nakan shimfiɗa mana tabarma in karanta mata littafi. Abin da ban gaya mata ba, ni ma nawa idon ya fara hazo. Wata bakwai rabona da ganin ƙananan baƙaƙe. Littafin kawai nake riƙewa, labarin kuwa da ka nake shirya shi. Jiya aka sanar a rediyo cewa laburaren garinmu ya kawo sababbin littattafai na cikin waya, na labari da na ilimi, kowa ya je ya ara kyauta. Yaya ta ce, "Gobe ka je ka aro mana sabo." Na ce to.

Sai ga ni a ƙofar laburare. Ruwa ake yi, amma daga ƙasa yake tsatsowa yana tafiya sama. Kowa ya kifa lemarsa ya tsaya a ciki. Ni ma na kifa tawa.

A ciki, wata akuya ce zaune a bayan kanta, da tabarau da kallabi. Kantoci dogaye sun jeru har ƙarshen ɗaki, an share su tas, ko takarda ɗaya babu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ina littattafan?"

Ta ce, "Sun koma na waya." Ta yi gyatsa, wani guntun bango ja ya faɗo kan kantar. Ta sa kofato ta ture shi ƙasa. "Tun da muka karɓi aikin nan ake samun ci gaba."

Na miƙa mata katina.

"Na ƙarya kake so, Baba, ko na gaskiya?"

"Yayata ta fi son labari."

"Na ƙarya ke nan. Ƙofar hagu. Ba ta da makulli, ƙarya ɗaya ake yi mata ta buɗe."

Wani bunsuru ne yake gadin ƙofar, ya sha hula har kunne. Na tsaya, na gyara murya, na ce, "Idona garau yake."

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango. Bunsurun ya miƙe ya sara min. Ya ce tun da ya kama aiki bai taɓa ganin ta buɗe duka ba.

Can ciki littattafan a buhu suke, kamar hatsi a kasuwa. Akuyar nan dai ita ce a nan ma, riƙe da mudu. Na nuna wani buhu da ke ƙamshin sabon abu.

Ta ce, "Wani ya ara."

"Ba ga shi nan ba? Kuma na ji an ce ba shi da jiki, mutum dubu ma sai su karanta."

"Ba shi da jiki, amma yana da mutunci. Ba ya kwana gida biyu. In ka shiga layi kai ne na arba'in. Talatin da tara ɗin kaji ne. Ba sa karatu, layin kawai suke so."

Ta auno min wani daga buhun gefe, mudu ɗaya har da gyara, ta juye a cikin wayata. Wayar ta yi nauyi, sai da na tallabe ta da hannu biyu. Ta ce, "Kwana goma sha huɗu. Ba sai ka kawo shi ba, ya san hanya. Amma ba zai buɗe ba sai da sabis, sabis kuma yana cikin rijiya."

Sai ga ni a ƙasan rijiya. A bushe take, tunda ruwan duk ya tafi sama. Yaya Delu tana zaune a kan tabarmarmu tana jan carbi.

"Mati, ka aro?"

"Na aro, Yaya."

"To bismilla."

Na buɗe. Baƙaƙen ƙanana ne kamar tururuwa, kuma yawo suke yi. Na kai wayar kusa da hancina, na nesanta ta, duk ɗaya. Sai na yi abin da na saba. Na ce, "Wata rana wani direban tirela ya taso daga Funtua..."

Aka yi tari a cikin wayar. Wata murya ta ce, "Ba haka na ce ba."

Na ɗaga murya, "...da lodin albasa."

"Babu albasa a cikina," in ji littafin. "Labarin wata likita ce a bakin teku. Malam, ka ji tsoron Allah." Ya fito ta wurin caji, ya kama bangon rijiya ya haye, yana cewa ƙara zai kai.

Sai ga mu a laburare, ni da Yaya, a gaban ƙofar dama. Akuyar tana tsaye, katina a bakinta, ta riga ta cinye kusurwa ɗaya. Ta yi magana ta gefen baki.

"Littafi ya kawo ƙararka. Doka ta ce ko ka buɗe ƙofar gaskiya, ko in ƙarasa katin. In na ƙarasa shi, kai da aro har abada."

Yaya ta ce, "Mati, buɗe mana. Kada ta cinye mana la'asar ɗinmu."

Na ce, "Yau Talata." Ƙofar ko motsi.

Na ce, "Ba na son miyar kuɓewa, kara nake yi nake ci." Ta buɗe kamar faɗin yatsa. Akuyar ta cinye kusurwa ta biyu.

Gumi ya karyo min, shi ma sama ya nufa. Na dubi Yaya. Fuskarta tana fuskantar inda muryata take, kamar kullum. Na ce, "Yaya, wata bakwai ke nan ba na ganin rubutu. Duk abin da na karanta miki ni na ƙirƙira. Na ji tsoron in kin sani ki ce mun zama makafi biyu, ki daina jiran la'asar."

Ƙofar ta buɗe a hankali, ba ƙara.

Yaya ta ja carbi ɗaya, ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Wata bakwai ban ji an buɗe shafi ba. Wane irin littafi ne mai shafi ɗaya? Kuma ɗan sandan da ka kashe ranar Laraba, ranar Juma'a ya dawo yana sayar da goro."

"To me ya hana ki faɗa?"

"So nake in ji inda za ka kai shi."

Akuyar ta tofar da katin, ta goge shi a gefen kallabinta ta miƙo min. Littafin ya koma cikin wayar yana ƙunƙuni. Akuyar ta ce, "Da ka faɗa tun a kanta. Ai na waya ana ƙara masa girma." Ta ɗora kofato biyu a fuskar wayar ta ware su.

Baƙaƙen suka kumbura, suka fito, suka tsaya kowanne kamar ƙofar zaure. Tsakaninsu ya zama lungu. Na riƙe hannun Yaya muka shiga. Na ɗaga kai na ga harafin farko tangaran, har da wutsiyarsa. Muka taka zuwa na biyu, muka huta a inuwar na uku. Wajen rabin awa muka yi kafin na haɗa kalma ɗaya. Kalmar ita ce "bayan".

Yaya ta ce, "A haka sai azumi mu kai ƙarshen layi."

Akuyar ta matse kofatonta kaɗan, baƙaƙen suka dawo kamar ƴan tsaki. Daidai idona. Muka zauna, na karanta shafi guda cur, na gaske, ban ƙara ko gishiri ba. Likitar ta tashi, ta sha shayi, ta dubi teku, ta sake duban teku.

Yaya ta ce, "Naka ya fi daɗi."

"Ina jin ku fa," in ji littafin.

Yaya ta ce, "Amma ci gaba, tunda an riga an aro."

Na buɗe baki ke nan akuyar ta leƙo ta ce kwana goma sha huɗu sun cika. Na ce yanzu fa muka fara. Ta ce a nan kwanaki tare suke zuwa, don su rage wa kansu wahalar hanya. Baƙaƙen suka miƙe, suka yi sahu biyu-biyu, suka nufi buhunsu suna buga ƙafa, dum, dum, dum. Na yunƙura zan kamo ko na ƙarshen ne, Yaya ta riƙe min riga.

"Ƙyale su, gobe ka aro wani. Ni yanzu gaya min, mai goron nan, yaya aka ƙare da shi?"

Na gyara zama, na ja numfashi zan ba ta amsa. Dum, dum, dum. Na buɗe ido. Matar maƙwabcina ce take dakan gero a bayan katanga.